Tsadar Harajin Shigo da Kaya a Najeriya: Tambayoyi da Amsoshi ga Mazauna Ƙasa da Matafiya

Duk wanda ya taɓa taya wayar hannu a kasuwar Farm Centre da ke Kano, ko ya tambayi kuɗin bandirin shadda a Kantin Kwari, ya saba jin ɗan kasuwa yana cewa "wallahi kwastam ce" ko kuma "dala ce ta tashi". Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta wadatar da mai son fahimta ba. Tambayoyin da ke tafe su ne waɗanda magidanta, 'yan kasuwa, alhazai da baƙi masu zuwa ziyara suka fi yawan yi game da harajin da ake ɗora wa kayan masarufi da ake shigowa da su daga waje.

Mene ne harajin shigo da kaya, kuma wa yake ƙayyade shi?

Shi ne kuɗin fiton da gwamnati take karɓa a kan kayan da suka tsallako iyaka, ko ta ruwa, ko ta sama, ko ta ƙasa. Hukumar Kwastam ta Najeriya ce take karɓa, amma ba ita take yanke adadin ba, domin wannan hurumin Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ne, kuma ita ma tana aiki ne a cikin tsarin haraji na bai ɗaya na ƙungiyar ECOWAS, wanda Najeriya ta fara aiwatarwa a 2015. Tsarin ya kasa kaya gida biyar. Akwai waɗanda ba a biya musu komai, akwai na kashi 5 cikin ɗari, da na kashi 10, da na kashi 20 wanda mafi yawan kayan amfanin yau da kullum da aka gama sarrafawa suke ciki, sannan na kashi 35 wanda aka keɓe wa kayan da ake son kare masana'antun gida daga gogayyarsu.

Da a nan abin ya tsaya, da Najeriya ba ta bambanta da maƙwabtanta ba. Bambancin yana zuwa ne daga ƙarin haraji na musamman da gwamnati take ɗorawa a kan wasu kaya irin su shinkafa, sukari, garin alkama da motoci, da kuma jerin kayan da aka haramta shigo da su baki ɗaya, kamar kaji masu ƙanƙara, taliya, sabulu, lemon kwali da kayan gwanjo.

Yaya ake lissafin abin da za a biya, kuma me ya haɗa shi da farashin dala?

Ana fara haɗa kuɗin kayan da kuɗin inshora da kuɗin dakonsu zuwa tashar Apapa ko Tin Can ko filin jirgin sama, sannan a lissafa kason haraji a kan wannan jimla. Bayan haka akwai ƙananan kuɗaɗe, waɗanda har zuwa 2024 su ne kashi 7 cikin ɗari na harajin kansa, da rabin kashi ɗaya na ECOWAS, da kashi 1 na duba kaya. Daga ƙarshe sai a tattara duka a ɗora harajin VAT, wato harajin sayen kaya, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 a watan Fabrairun 2020. Ma'ana, ana biyan haraji a kan haraji. A ɗauki misalin kayan da suka kai dala 1,000 kuma suna rukunin kashi 20: kafin su bar tasha, abin da za a biya gwamnati a wancan lissafi zai kai wajen dala 320, ban da ladan ejan mai fito, da kuɗin kamfanin jirgi, da kuɗin ajiya idan kwantena ta daɗe, da kuɗin tirelar da za ta kai ta Kano.

Inda gizo yake saƙa shi ne wajen mayar da wannan lissafi zuwa naira. Kwastam tana amfani da farashin canji na hukuma da Babban Bankin Najeriya yake ba ta. Kafin watan Yunin 2023 farashin yana naira 420 da ɗoriya a kan kowace dala. Da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, sai ya dinga hawa, har ya zarce naira 1,400 a watan Fabrairun 2024, kuma a wancan lokaci yakan canza fiye da sau ɗaya a cikin mako. Waɗancan dala 320 da suke kusan naira 134,000 a tsohon canji sun koma naira 480,000 idan aka lissafa a kan 1,500, alhali ko kashi ɗaya ba a ƙara a kan harajin ba. Ɗan kasuwar da ya yi odar kaya daga Guangzhou ta ƙasar Sin bai san nawa zai biya ranar da jirgi zai iso ba, don haka sai ya ɗora wa kayan da ke shagonsa farashin da zai kare shi daga asara. Wannan rashin tabbas ya fi yawan harajin kansa cutar da mai saye, kuma shi ne abin da ya kamata hukumomi su fi mayar da hankali a kai.

Ni ban taɓa shigo da ko allura daga waje ba. Ta yaya wannan haraji ya shafe ni?

Ya shafe ka fiye da wanda ya shigo da kayan. Shi mai kwantena yana biyan kwastam ne ya karɓi rasit, sannan ya zuba abin da ya biya a cikin farashin da zai sayar wa mai sari. Mai sari ya ɗora ribarsa a kan sabon farashin, ɗan tireda na unguwa ya ɗora tasa, sai nauyin ya sauka a kan uwar gida da ta aiko yaro sayen madarar gari ta ƙulli. Ita ba ta da wanda za ta miƙa wa nauyin, kuma ba ta da rasit da zai nuna cewa ta biya haraji.

Har kayan da aka yi a gida ma ba su tsira ba. Burodi da taliyar da ake yi a Najeriya kusan dukkansu da alkamar waje ake yin su. Mai gyaran babur yana sayen kayan gyara na waje, tela yana sayen zare da zif na waje, asibiti yana sayen magani da kayan gwaji na waje. Wani abin kuma da ba a cika lura da shi ba shi ne, idan kayan waje suka yi tsada, mai yin irinsu a gida yakan ɗaga nasa farashin ya tsaya dab da na wajen, tunda ya san mai saye ba shi da mafita. Kuma da yake talaka yana kashe mafi yawan abin da ya samu a kan abinci, kason da harajin yake ci daga aljihunsa ya fi na mai hali nesa ba kusa ba.

To me ya sa gwamnati take ɗora haraji mai yawa haka?

Dalili na farko kuɗin shiga ne. Hukumar Kwastam ta tara naira tiriliyan 3.2 a 2023, sannan ta tara tiriliyan 6.1 a 2024 a ƙarƙashin shugabanta Bashir Adewale Adeniyi, kodayake kaso mai tsoka na wannan ƙari ya samo asali ne daga faɗuwar naira, ba daga ƙaruwar kayan da aka shigo da su ba. Dalili na biyu shi ne kare masana'antu da manoman gida, na uku kuma rage buƙatar dala. Saboda dalili na ukun ne Babban Banki ya hana masu shigo da kaya iri 41 samun dala a farashin hukuma a watan Yunin 2015, jerin ya ƙaru zuwa 43, kafin a janye hanin a watan Oktoban 2023.

Kare masana'antar gida manufa ce mai kyau, kuma ƙasashe da dama sun bi ta wannan hanya kafin su tsaya da ƙafafunsu. Sai dai tarihin masaƙu ya isa darasi. Masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, masaƙar UNTL ta biyo baya a 1964, kuma akwai lokacin da unguwar Kakuri a Kaduna da Sharaɗa da Bompai a Kano suke cike da dubban ma'aikata masu canjin aiki dare da rana. An sha haramta shigo da yadi domin a kare su, amma duk da haka suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, saboda babu tsayayyar wutar lantarki, babu isasshen man da injuna suke sha, noman auduga ya ja baya, ga atamfar Sin tana kwararowa ta ɓarauniyar hanya. Haraji yana iya tsare ƙofa, amma ba ya kunna inji.

Batun shinkafa fa? Kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Ta biya wani ɓangare, kuma adalci ne a faɗi hakan. A 2013 harajin shinkafar waje ya kai kashi 110 cikin ɗari, daga baya ya sauko ya daɗe a kan kashi 70. A watan Maris na 2016 aka hana shigo da ita ta iyakokin ƙasa, bayan an ƙaddamar da shirin bai wa manoma bashi na Anchor Borrowers a Jihar Kebbi a watan Nuwamban 2015. A sakamakon haka noman rani ya bunƙasa a Kebbi, Jigawa da yankin Kura a Kano, kamfanonin casar shinkafa suka yawaita, matasa da yawa suka samu aiki, kuma shinkafar gida ta gyaru har ta rabu da tsakuwar da ake yi mata gori da ita.

Amma noman bai kai ga ciyar da ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200 ba, musamman da 'yan bindiga suka kori manoma daga gonakinsu a Zamfara, Katsina, Sakkwato da Neja, ga tsadar taki da ta man ban-ruwa. Buhun da ake saye a wajen naira 10,000 a 2015 ya haura naira 80,000 a 2024, shekarar da hauhawar farashin abinci ta zarce kashi 40 cikin ɗari a watan Yuni. Da abin ya kai intaha, sai gwamnati ta sanar a watan Yulin 2024 cewa ta ɗage haraji na kwana 150 a kan masara, alkama, wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. Farashi ya sauko a 2025, magidanta suka sami sa'ida, amma sai kuka ya koma wajen manoma, waɗanda suka sayi taki da tsada suka zo sayar da shanshera a farashin da bai mayar musu da uwar kuɗi ba, wasu kamfanonin casa kuma suka rage aiki.

Abin da wannan ya nuna shi ne manomi da mai saye duka suna cutuwa idan aka riƙa buɗe ƙofa da rufe ta ba tare da sanarwa ba. Manomin da ya ci bashi a kan tsammanin farashin bara ba shi da laifi, haka nan magidancin da ya kasa ciyar da iyalinsa ba shi da laifi. Abin da ya fi dacewa shi ne a sanar da jadawalin haraji na shekaru masu zuwa, a riƙa sassauta shi sannu a hankali, a kuma zuba kuɗin da aka tara a kan madatsun ruwa, tsaro da wuta, ta yadda shinkafar gida za ta yi arha da kanta.

Me ya sa fasa-ƙwauri ya ƙi ƙarewa, kuma yaya mazauna kan iyaka suke ji?

Muddin akwai tazara mai faɗi tsakanin harajin Najeriya da na maƙwabtanta, to akwai riba a tsallako da kaya a ɓoye. Jamhuriyar Benin, wadda mutanenta ba su kai na Jihar Kano yawa ba, ta taɓa shiga sahun manyan masu sayen shinkafar Tailan a duniya, kuma kowa ya san inda buhunan suke dosa bayan sun sauka a Kwatano. Wasu suna shiga ta Seme da Idiroko, wasu kuma suna haurawa arewa zuwa Gaya, Ƙonni da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, sannan su gangaro ta Kamba, Illela, Jibiya da Kwangwalam a kan babura da ƙananan motocin da aka cire musu kujeru.

Gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, ba ta fara buɗe su ba sai Disamban 2020, lokacin da aka buɗe Seme, Illela, Maigatari da Mfum. Wannan rufewa ta fi ƙuntata wa waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Mutanen Jibiya da Ɗan Isa, ko na Illela da Ƙonni, 'yan'uwan juna ne, suna auratayya, suna cin kasuwa ɗaya, kuma mai kai dabino ko dabba ko wake ba ɗan sumoga ba ne. Yawan shingayen bincike a kan hanyoyin da suka fito daga iyaka yana sa har kayan da aka yi a Najeriya su fi tsada a waɗannan garuruwa fiye da cikin birni, domin kowane tsaiko yana da farashinsa. Manyan masu fasa-ƙwauri kuwa ba su cika rasa hanya ba.

Me ya sa mota take da tsada haka?

Tsarin bunƙasa haɗa motoci a gida na 2013 ya ɗora harajin kashi 35 da ƙarin wani kashi 35 a kan ƙananan motocin da aka shigo da su a haɗe. Dokar Kuɗi ta 2020 ta rage wannan ƙarin, amma daga 1 ga Janairun 2017 an riga an hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, abin da ya taɓa kasuwar 'yan Kwatano da mutanen arewa suka daɗe suna dogaro da ita. A 2022 kuma aka fara ƙiyasta darajar mota ta hanyar lambar da kamfanin da ya ƙera ta ya buga a jikinta, maimakon rasit ɗin da mai shigowa ya gabatar. Wanda zai sayi mota ta hannu ya tabbatar takardun kwastam ɗinta na gaskiya ne kafin ya biya, domin idan aka kama ta a hanya, wanda take hannunsa shi zai ɗauki asarar.

Ni matafiyi ne. Me zan iya shigowa da shi ba tare da na biya haraji ba?

Kayan jikinka da ka riga ka yi amfani da su, irin su tufafi, wayarka, kwamfutarka ta hannu da maganin da likita ya rubuta maka, ba a biya musu komai. Game da sababbin kaya da kyaututtuka, an daɗe ana aiki da iyakar naira 50,000, adadin da faɗuwar naira ta mayar da shi bai kai kuɗin takalmi mai kyau ba. A watan Satumban 2025 aka amince da sabuwar iyaka ta dala 300, wadda ta haɗa da kayan fasinja da ƙananan kayan da ake oda ta intanet, kuma mutum zai iya cin gajiyarta sau huɗu a shekara. Abin da ya haura haka ana biya masa haraji, kayan da aka haramta kuwa ƙanƙantarsu ba ta halatta su.

Jami'i yana duba yawa da kamanni ne. Waya ɗaya a aljihu da wata a kwali ta kyauta ba su cika jawo magana ba, amma wayoyi goma iri ɗaya a cikin ledarsu sun zama haja, ko da mai su ya rantse na 'yan'uwa ne. Haka kuma duk wanda yake ɗauke da kuɗin da suka haura dala 10,000 ko kwatankwacinsu wajibi ne ya bayyana su. Bayyanawar ba ta jawo haraji, ɓoyewa ce take jawo ƙwacewa da gurfana a kotu.

Alhazai da masu zuwa haɗo lefe daga Dubai ko Saudiyya fa?

Tsarabar da aka saba, wato dabino, carbi, darduma, jallabiya da turare daidai misali, tana shiga cikin kayan fasinja. Matsalar takan taso ne idan tsaraba ta rikiɗe ta zama kasuwanci, kamar akwatuna cike da abaya iri ɗaya, ko gwala-gwalai masu yawa da babu rasit ɗinsu. Hajiyar da ta haɗo lefe ta adana rasit na kowane abu mai daraja, domin idan babu shi, jami'i ne zai ƙiyasta kuɗin kayan, kuma ƙiyasinsa ba lalle ya zo daidai da abin da ta biya ba. Sannan kada kowa ya karɓi saƙon da bai buɗe ya gani da idonsa ba, komai kusancinsa da mai saƙon.

Baƙon da ya zo ziyara daga waje, me zai tarar?

Wanda ya zo daga Ingila ko Amurka da kuɗin ƙasarsu zai ga abinci na gida, sufuri da ɗinki suna da arha ƙwarai, amma zai yi mamakin kuɗin kayan lantarki, madarar jarirai ta waje, cukwi da wasu magunguna a manyan kantunan Abuja da Legas, inda wani lokaci sukan fi tsada a kan inda ya baro. Shi ya sa 'yan'uwa suke cika mai zuwa da saƙon waya da kwamfuta, har akwatinsa ya zama abin tuhuma a filin jirgi. Ya kyautu ya taho da maganinsa na tsawon zamansa tare da takardar likita. Wanda ya shigo da motarsa daga Nijar, Kamaru ko Chadi yana buƙatar takardar izinin shiga ta wucin gadi, kuma dole motar ta fita kafin wa'adin ya cika, ba a sayar da ita a cikin ƙasa sai an biya cikakken haraji. Baƙo dai yana haɗuwa da wannan haraji sau ɗaya ne a bakin ƙofa, kuma yana da zaɓin ya bar kayan a gida, saɓanin mazaunin ƙasa da yake biyansa kullum a kasuwa.

Kayan da aka noma ko aka ƙera a ƙasashen maƙwabta su ma ana biya musu?

A ƙa'idar ECOWAS, amfanin gona, dabbobi da kayan sana'ar hannu na ƙasashen ƙungiyar suna wucewa ba tare da harajin shigowa ba, kayan masana'antu kuma sai an yi musu rajista an sami takardar shaidar asali. Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025, amma ECOWAS ta umarci mambobinta su ci gaba da mu'amala da kayansu da fasfonsu kamar da, har sai an fitar da sabon tsari. Wannan sassauci bai shafi shinkafar Indiya ko atamfar Sin da aka biyo da ita ta Maraɗi ba, tunda ba a can aka yi ta ba.

Idan na ga an ƙiyasta mini harajin da ya wuce kima, me zan yi?

Ka nemi a rubuta maka lissafin a takardar hukuma, wadda za ta nuna rukunin da aka sanya kayanka da darajar da aka ba su da farashin canjin da aka yi amfani da shi. Ka gabatar da rasit ɗinka da shaidar biya ta banki idan kana da ita. Idan ba ka gamsu ba, kana da damar neman ganin babban jami'in da ke kula da wurin, kuma Dokar Hukumar Kwastam ta 2023 ta tanadi hanyar ɗaukaka ƙorafi a rubuce. Harajin gwamnati ana biyansa ne ta banki ko ta hanyar biya da hukuma ta amince da ita, a kuma karɓi rasit. Kuɗin da aka miƙa hannu da hannu ba ya shiga asusun gwamnati, kuma ba ya kare kayan idan aka sake tare su a shinge na gaba a kan hanyar Kano ko Kaduna.